KIWON LAFIYA: Ciwon idon da ba ya jiran ranar kasuwa

A wannan wata filin kiwon lafiya zai yi magana a kan wani ciwon ido wanda ya kamata kowane mai gida da kowace uwar gida su san alamunsa. Ciwon ido iri-iri ne. Akwai wanda ƙura ke kawowa da hunturu. Akwai apolo mai bin gida-gida. Akwai na ƙaiƙayi ranar sussuka. Da yawa daga cikinsu suna ba mutum lokaci, ya jira ranar kasuwa, ya samu mota, ya je gidan likita. Amma akwai guda wanda ba ya ba da wannan lokaci. Idan ya tashi da magariba, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya kashe ido, kuma idon da ya kashe babu likitan da ke tada shi.

Mutane suna ce masa hawan jinin ido. Likitoci suna ce masa gilokom. Sunan nan na hawan jini yana ruɗa jama'a, don ruwa ne ke hawa cikin idon. Ana iya auna jinin mutum a tarar lafiya lau, alhali ruwan idonsa ya hau.

Ruwan cikin ido da rariyarsa

A gaban ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi. Bayanta akwai baƙin ido, wato zoben nan mai launin ƙasa. A tsakiyar zoben akwai ƴar taga baƙa ƙirin, ta nan haske ke shiga. Tagar tana tsukewa cikin rana, tana buɗewa cikin duhu. Duk wanda ya dubi idon kyanwa da rana, ya sake dubansa da dare, ya ga haka. Bayan tagar akwai wani ɗan madubi mai kamar ƙwayar wake, shi ke daidaita gani. Shi ne ke yin fari idan yanar ido ta kama tsoho. Can bayan ido kuma jijiyar gani ta fita ta tafi ƙwaƙwalwa. Jijiyar kamar igiya take, wadda aka tufka da zare fiye da miliyan ɗaya.

Ido yana yin wani ruwa garai-garai a cikinsa, dare da rana. Hawaye a waje suke, wannan kuwa a ciki yake, ba ya zuba a kumatu. Ana yin sa a bayan baƙin ido. Ya biyo ta taga ya fito gaba, sannan ya fice ta wani lungu, inda gefen baƙin ido ya haɗu da fatar nan mai haske. A cikin lungun akwai ƙananan ƙofofi masu tace ruwan su mai da shi cikin jini. Aikinsu aikin rariyar gida ne. Kowa ya san abin da ke faruwa da damana idan rariya ta toshe: ruwa ya taru a tsakar gida, ya ci gindin katanga. To, ido ba shi da tsakar gidan da ruwa zai bazu. A rufe yake kamar salka. Idan ruwa na shiga ba ya fita, sai ido ya cika, ya yi tauri, ya danne jijiyar gani. Zaren jijiyar ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Likitoci suna da abin auna ƙarfin wannan ruwa. Idon mai lafiya yakan nuna lamba tsakanin 10 da 21. Idan lungu ya rufe farat ɗaya, lambar takan wuce 40, wani lokaci har ta kai 60 ko 70.

Rariyar ido tana toshewa ta hanya biyu. A hanya ta farko bakin rariya a buɗe yake, amma cikinta ne ke cushewa sannu a hankali. Wannan yana ɗaukar shekaru, ba ya ciwo, kuma shi ya fi yawa a ƙasashen baƙar fata. A hanya ta biyu rariyar ba ta da laifi, baƙin ido ne ke matsowa gaba ya rufe bakinta, kamar a jingina tabarma a bakin rariyar gida. Wannan shi ne mai rufaffen lungu, kuma a kansa maganar yau take.

Akwai dalilin da ya sa ya fi tashi da magariba ko cikin ɗaki mai duhu. Idan haske ya ragu, taga tana buɗewa rabi. Sai zoben ya tattare ya taru a gefe, kamar labulen da aka ja. A lokaci guda bakin tagar yana kwantawa a kan madubin ciki, ruwa ya kasa wucewa gaba. Sai ya taru a baya, ya tura baƙin ido kamar yadda iska ke cika babbar riga. Mai faffaɗan lungu ba ya jin kome. Mai ƙunƙuntaccen lungu kuwa, nan take rariya ta rufe.

Wa ciwon ke nema?

Ƙunƙuntaccen lungu halitta ce, kuma ana gadonsa. Wasu idonsu ɗan ƙarami ne daga gaba zuwa baya, kayan cikinsa a matse suke. Irin waɗannan su ne ke riga tsaransu kasa zura zare a allura, ko su nemi tabarau na karatu da wuri. Madubin ciki kuma yana ƙara kauri muddin mutum na raye, yana ƙara matse lungun. Shi ya sa ciwon bai cika kama yara da samari ba. Daga shekara 40 zuwa sama yake farawa, ya fi yawa bayan 50 da 60. Ya fi kama mata, har ninki biyu ko uku a kan maza. Wannan abin lura ne, don tsohuwa ita ce ba ta son ta dami gida da kuka, ita ce kuma ake cewa ta yi haƙuri har gari ya waye.

A duniya, mutanen Sin da maƙwabtansu su ne ciwon ya fi addaba. Wani lissafi da aka buga a 2006 ya ƙiyasta cewa a 2010 mutum wajen miliyan 60 ke da hawan ruwan ido. Masu rufaffen lungu kashi ɗaya ne cikin huɗu kawai. Amma cikin waɗanda suka makance ido biyu, sun kusa rabi. A maƙwabciya Nijeriya an yi babban bincike daga 2005 zuwa 2007, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 5 cikin 100 suna da hawan ruwan ido. Cikin waɗanda aka duba lungunsu, kashi 14 cikin 100 a rufe yake. Mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon ya riga ya makance. Waɗanda suka san suna da shi kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba.

Yadda ake gane shi

Ciwon yakan kama ido ɗaya. Mutum na zaune lafiya, sai ido ya ɗauki zogi mai tsanani. Zogin ya hau gira da goshi da ɓarin kai na wannan gefe, har haƙora. Idon ya yi ja, ya riƙa hawaye. Gani ya dushe kamar hazo ya sauka. Idan ya dubi fitila sai ya ga zobe mai launin bakan gizo ya kewaye ta. Daga nan sai tashin zuciya da amai.

Aman nan shi ke ɓatar da mutane. Tsohuwa na riƙe da kai tana amai, sai a ce masassara ce, ko ciwon ciki, ko jininta ya hau. A sayo ƙwayar masassara, a jiƙa sassaƙe. Ba wanda ya ɗaga fatar idonta ya duba. Ko a ƙaramin gidan likita hakan na iya faruwa, idan mai jinya bai ambaci ido ba. Saboda haka duk babban mutumin da ciwon kai da amai suka kama farat ɗaya, a dubi idanunsa, a kuma tambaye shi yadda yake gani.

Dubawar ba ta da wuya. A ɗauki tocila ko fitilar waya, a haska ido mai lafiya tukuna. Fatarsa ta gaba tana sheƙi, tagarsa tana tsukewa da zarar haske ya taɓa ta. Sannan a haska mai ciwon. Fatarsa ta dushe kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Tagarsa ta fi ta ɗayan girma, kuma tsaye take, haske ba ya motsa ta. Bayan haka a ce ya rufe ido ya dubi ƙasa. A sa yatsa biyu a kan fatar ido ta sama, a taɓa a hankali, a gwada da ɗayan. Ido mai lafiya yana ɗan lotsawa. Mai ciwon kuwa tauri gare shi kamar goriba. Amma idan wani abu ne ya soki idon ko ya buge shi, kada a taɓa shi ko kaɗan.

Apolo dabam yake. Yana kama ido biyu, yana kawo kwantsa da ƙaiƙayi kamar an zuba rairayi, yana bin yara da manya a gida ɗaya. Idan an share kwantsar mutum yana gani sarai, kuma ba ya amai. Gyambon ido, wanda kara ko ƙaiƙayin hatsi ke jawowa lokacin girbi, yana barin farin ɗigo a kan fatar gaba. Akwai kuma kumburin baƙin ido, mai zogi da ƙin haske, amma shi tagarsa ƙanƙancewa take yi. Gyambon da kumburin su ma na gaggawa ne. Abin da za a riƙe shi ne: jan ido da zogi da raguwar gani idan sun haɗu, ba ciwon zaman gida ba ne.

Sau da yawa ciwon yana aiko da manzo kafin ya zo. Da yamma ido ya ɗan yi zogi, gani ya yi hazo, a ga bakan gizo a fitila. Mutum ya kwanta, da safe ya tashi garau, don barci yana tsuke tagar ido ya buɗe lungun. Sai ya ce gajiya ce. Lungun ne ke rufewa yana buɗewa. Wanda ya je asibiti a wannan mataki, shi ne ke tsira da idonsa duka.

Akwai kuma wanda ba ya aiko da kowa. Lungun ya riƙa mannewa kaɗan-kaɗan, ba ja, ba zogi. Likitoci sun lura cewa a baƙar fata rufaffen lungu yakan zo ta wannan hanya ta shiru. Gani yana tafiya daga gefe, tsakiya ta rage. Makiyayi ya riƙa ganin saniyar da ke gabansa, ba ya ganin wadda ta ratse gona ta gefensa. Tsoho ya riƙa karo da turmi da bakin ƙofa. Sai awon likita ke kama irin wannan.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Kada a ɗiga maganin wani. Ga dalili. Mai kumburin baƙin ido akan ba shi maganin ɗigawa mai suna atropin, wanda ke buɗe taga, kuma yana yi masa anfani. Idan aka ɗiga ragowarsa a idon mai ƙunƙuntaccen lungu, shi ne zai rufe lungun ruf. Kwalabe biyun kuwa kusan kamarsu ɗaya a idon wanda bai iya karanta sunan ba. Wasu ƙwayoyin mura, da na murɗar ciki, da na amai, da na damuwa, su ma suna buɗe taga. Haka zaƙami, wanda wasu ke sa wa cikin haɗin gargajiya. Wanda likita ya gaya wa lungunsa a matse yake, ya faɗi haka duk inda za a ba shi magani.

Akwai kuma maganin ɗigawa na masu talla a kasuwa, mai kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan. Da yawansu suna ɗauke da sinadari irin su dekzametazon. Wanda ya daɗe yana ɗiga shi ba da umurnin likita ba, yana iya jawo wa kansa hawan ruwan ido ko da lungunsa a buɗe yake, ko da kuwa yaro ne.

Ruwan ganye, ruwan sukari, nono, fitsarin dabba, kwalli: babu ɗaya da ke kaiwa ga rariyar da ke cikin ido. Ruwan tumfafiya ma ƙona fatar ido yake. Tsagar wanzami a gefen goshi tana fitar da jini, ruwan idon yana nan inda yake. Ranar da aka ɓata ana gwada waɗannan, jijiya ce ke biyan ta.

Abin yi shi ne a tashi. Idan da dare ne a nemi amalanke ko kabu-kabu, kada a jira motar kasuwa. A faɗa wa ma'aikacin gidan likita mafi kusa: ido ne, ya yi tauri, ba ya gani, kuma yana amai. Shi zai ba da taimakon farko ya rubuta takardar turawa gaba. Akwai sashen ido a manyan asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ana iya ba mai ciwon parasetamol don zogi. Kada a ɗaure idon da ƙyalle, kada a shigar da shi ɗaki mai duhu. Kuɗin mota da na magani suna da nauyi, ba a musu. Amma gidan da tsoho ya makance, yaro guda ke barin makaranta ko kiwo ya zama ɗan jagora shekara da shekaru. Mai gida ya sa wannan cikin lissafi kafin ya ce a bari a gani.

Abin da ake yi a asibiti

Likita zai ɗiga maganin kashe zafi a ido, ya auna ƙarfin ruwan. Zai duba da wata na'ura mai fitila da ke ƙara girman abu. Zai ɗora wani ɗan gilashi mai madubi a kan ido, ya leƙa lungun da kansa, ya ga ko a buɗe yake ko a rufe. Wannan leƙawar ce ke raba iri biyun, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Zai duba kan jijiyar gani ya ga iyakar ɓarna. Ya kuma duba ɗaya idon, ko da mai shi ya ce lafiyarsa lau.

Aikin farko shi ne sauke ruwan. Ana kwantar da mutum rigingine. Ana ba shi asetazolamid, wanda aka fi sani da Diamox, ƙwaya ko allura. Likitoci suna anfani da shi tun 1954, yana rage ruwan da ido ke yi. Ana ɗiga timolol, shi ma aikinsa ke nan. Idan ruwan ya fara sauka sai a ɗiga pilokarpin, ya tsuke taga ya janye baƙin ido daga bakin rariya. Idan ya ƙi sauka, a sa ƙarin ruwa na manitol ta jijiyar hannu. Waɗannan magunguna masu ƙarfi ne, ba na saye a sha da ka ba. Mai fuka ko ciwon zuciya, timolol na iya cutar da shi. Mai ciwon ƙoda ko amosanin jini, Diamox na iya cutar da shi. Mai ciki ma ta faɗa. Duk wanda ya raka maras lafiya ya san waɗannan, don mai amai da zogi ba ya iya dogon bayani.

Cikin awa kaɗan zogi yakan lafa, ido ya yi laushi. A nan ne wasu ke yin kuskure babba. Su ce sun warke, su tattara tabarma su koma gida. Magani ya kashe wutar ne kawai, lungun yana nan a matse, kuma zai sake rufewa.

Maganin gaske shi ne a huda ƴar ƙofa a gefen baƙin ido, can sama inda fatar ido ke rufewa. Ƙofar ba ta kai kan allura ba. Ruwan da ke taruwa a baya sai ya bi ta nan ya wuce gaba, baƙin ido ya koma wurinsa, rariya ta buɗe. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Jamus, Albrecht von Graefe, shi ya nuna a birnin Berlin a 1857 cewa yanke ɗan gefen baƙin ido yana ceton irin wannan ido. Yau inda akwai na'ura ana yin hudar da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza. Mutum na zaune, ba yanka, ba ɗinki, cikin minti kaɗan an gama. Baƙin idon baƙar fata ya fi kauri, don haka wani lokaci sai an maimaita. Inda babu na'urar ana yin ƙaramin aiki da hannu, kuma yana biyan bukata.

Likita zai ce a huda ɗaya idon ma. Nan ne gardama ke tashi: ido lafiya lau, don me za a taɓa shi? Dalilin shi ne idanu biyu ƙirarsu ɗaya. Idan an bar shi, wajen rabin mutane ciwon yana kama na biyun cikin shekaru kaɗan. Ga wanda ya zo a makare, idon farko ya riga ya tafi, wannan hudar ita ce ke tsakaninsa da sanda.

Wannan bai nuna duk mai ƙunƙuntaccen lungu sai an huda shi ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an bi mutum 889 masu matsattsen lungu waɗanda ba su taɓa ciwo ba. Aka huda ido ɗaya, aka bar ɗaya, aka sa musu ido shekara 6. Sakamakon ya fito a 2019: ciwon ya taɓa ido 19 cikin waɗanda aka huda, da 36 cikin waɗanda aka bari. Hudar ta rage haɗari, amma haɗarin tun asali kaɗan ne. Saboda haka likita na iya cewa wani ya riƙa zuwa awo kawai. Wanda ciwon ya riga ya buge ido ɗaya, maganarsa dabam ce.

Yanar ido da masu kwantar da ita

A karkara ciwon nan yana da wata ƙofar shiga, ita ce yanar ido da aka bari ta daɗe. Tsoho ya yi shekaru da farar taga, ana cewa a jira ta nuna. Madubin da ya yi fari yana shan ruwa ya kumbura, ya tura baƙin ido gaba, ya rufe lungu. Rana ɗaya idon da ba ya ciwo sai ya ɗauki ja da zogi da amai. Yanar ido ita kaɗai ana cire ta gani ya dawo. Amma idan ta kai ga danne jijiya kwanaki, ko an cire ta ganin ba ya dawowa yadda ake so. Aikin zamani ba ya bukatar a jira mutum ya daina gani ƙwaf. Da zarar yanar ta hana shi aikinsa, lokaci ya yi.

Cire madubin ciki a sa na roba yana buɗe lungu sosai, don na robar siriri ne. Wani bincike da aka buga a 2016 ya bi mutum 419 masu rufaffen lungu, ƴan shekara 50 zuwa sama, a ƙasashe biyar. Waɗanda aka sake wa madubi, ko da bai yi fari ba, ruwan idonsu ya fi sauka, kuma sun fi samun hutu daga maganin ɗigawa, a kan waɗanda aka yi wa huda kawai. Don haka kada a yi mamaki idan likita ya kawo wannan shawara.

Masu yawo gari-gari suna kwantar da yanar ido da tsinke, aikinsu ba wannan ba ne. Ba sa fitar da madubin. Tura shi suke ya faɗa cikin ido, ya zauna can. Mutum ya ga haske ranar, ya biya, mai tsinke ya wuce gari na gaba. Bayan haka kumburi da hawan ruwa su biyo. A binciken nan na Nijeriya, cikin hawan ruwan idon da wani abu ya jawo, kwantar da yanar ido ita ce ta zo kan gaba, sannan rauni. Raunin kuwa sananne ne: dutse, kara, bulala, ƙahon dabba. Ciwon sukari da ya daɗe ba kulawa shi ma yana tsiro da wasu jijiyoyin jini su rufe lungun, kuma irin wannan yana da wuyar magani. Jariri mai manyan idanu fiye da kima, masu hawaye da ƙin haske, shi ma a kai shi da wuri.

Bayan an dawo gida

Huda ko aiki ba su sallami mutum daga asibiti ba. Idan lungun ya daɗe a rufe, wani sashensa yana mannewa har abada. Irin wannan sai ya ci gaba da ɗiga magani kullum, ko a yi masa wani aikin a buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Maganin ba ya ƙara gani, tsare wanda ya rage yake. Mutane da yawa suna barinsa don ba su ga canji ba, su dawo bayan shekara da ido a mace. Kwalba ta kusa ƙarewa, a nemi wata tun kafin ta ƙare.

Ɗigo ɗaya ya isa. A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Sannan a rufe ido, a danne gefensa na wajen hanci da yatsa minti 2. Wannan yana tsare maganin cikin ido, yana rage gangarowarsa zuwa maƙogwaro. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu. Da watan azumi wasu suna ajiye kwalbar gaba ɗaya, ruwan ya hau ba su sani ba. Maganin da ake ɗigawa sau biyu a rana ana iya sa shi da sahur da bayan shan ruwa. Wanda nasa ya fi haka ya tambayi likita kafin watan ya kama.

Tun da ƙirar ido gado ce, ƴan uwan maras lafiya na ciki ɗaya da ƴaƴansa da suka kai shekara 40 su je a auna su, a leƙa lungunsu, musamman mata. Ranar komawa asibiti a tafi da takardar da likita ya bayar da duk kwalaben da ake ɗigawa, har da waɗanda aka saya a kasuwa.